Gawayi a Bayan Ƙofa

A bayan ƙofar ɗakinmu a Aboabo
Baba Mumuni ya bar rubutu da gawayi:
ranar ruwan fari, shekara bayan shekara,
a jere kamar sahun Asuba.
Ni na gaji gawayin.
Nawa layin ya karkace,
wani a Maris, wani sai Mayu ta tsufa,
bara kuwa sau biyu na rubuta,
sau biyu na goge da yawu.

Fadamar ba tamu ba ce.
Ta Opanin Kwarteng ce, can bayan Ejisu,
buhu uku duk kaka, an samu ko ba a samu ba.
Mutumin kirki ne, yakan ba ni ayaba,
amma ayaba daban, buhu daban.

Da can damina biyu gare mu,
babba da ƙarama, kowace ta san ranarta.
Yanzu babbar sai ka ce wanda ake bi bashi:
gobe, jibi, gata.
Ƙaramar kuma da fushi take zuwa.
Dare ɗaya rafin ya haura,
ja wur da lakar masu haƙar zinariya,
ya kwanta kan shinkafata tana da ciki.
Kwana huɗu.
Da ya janye, sai wari.

Na hau motar Kumasi da takalmi a hannu.
Laraba ta dube ni, ta dubi tukunyar turara,
ta kife ta.

Bana ban watsa iri ba.
Na rene shi kan tudu, na dasa da igiya,
bayana har yau bai yafe mini ba.
Na ɗaga ganɗo har gwiwa, na bar masa baki:
in ruwa ya yi yawa in buɗe,
in ya yi rowa in toshe.
Irin Baba mai ƙamshi, mai wata biyar,
yana cikin kwalba ƙarƙashin gado;
na karɓo mai kwana ɗari wurin malamin gona,
ba ya ƙamshi, amma ba ya jira.
Na kasa gonar uku, kowace da makonta,
wanda ya ci ɗaya ya bar mini biyu.
Kuɓewa a gefe, don miya ba ta san uzuri ba.

Sakibu yakan karanta mini saƙon waya:
ruwa ranar Talata.
Wani lokaci gaskiya ne.
Nakan duba tururuwa kuma,
ko a kotu shaida ɗaya ba ta isa.

Jiya hadari ya taso ta wajen Kejetiya,
kwanon rufi ya yi ta ihu,
yara suka fita tsirara.
Na ɗauki gawayi, na tsaya.
Laraba ta ce, rubuta mana.
Na ce, bari ya kwana.
Gobe zan je in cusa yatsa a ƙasa
in ji iya inda ya kai.