Fataken Sama a Aboabo

A shagon Baba Tanimu, bayan masallacin Aboabo,
akwai wata kwamfuta mai ƙeya kamar tukunyar koko.
A gabanta na fara mulkin taurari,
ina ɗan shekara sha biyu, da silifa wari-da-wari.

Wasan farko ba shi da hoto.
Baƙin allo, koren rubutu.
Ɗigo shi ne tauraro, harafi ɗaya shi ne jirgina.
In na buga lamba ya tafi,
in na yi kuskure ya ƙone, ba ƙara, ba hayaƙi,
sai layi guda mai cewa tawa ta ƙare.
Sauran duk a kaina nake zana su.

Sai Kwabena ya dawo daga Akkara
da faifai naɗe cikin tsohuwar jarida.
Wannan na bi-da-bi ne, kamar dara:
ka yi naka, ka jira, maƙiyi ya yi nasa.
Ka tura 'yan leƙe, ka kafa gari kan dutse marar ruwa,
ka sa masana bincike, ka karɓi haraji,
ka ƙulla amana da wasu halittu masu ido shida
waɗanda suka ci amanata wata ranar Laraba.
Har yau ban yafe ba.

Daga nan jira ya ƙare.
Aka zo zamanin jirgi ɗari, hannu biyu,
kowa na kai hari lokaci guda.
Mu huɗu a shagon intanet na Asawase,
waya ta ɗinke injunanmu,
kuɗin awa biyu muka harhaɗa da ƙyar.
Rundunata na bakin ƙofar Jibrin
aka ɗauke wuta.
Dauloli huɗu suka faɗi ba wanda ya ci su.
Fanka ta tsaya, sai ga kiran isha'i,
ashe ma an daɗe da yin magariba.
Jibrin har gobe cewa yake shi ke gaba.

Amma wanda ya zauna mini a rai ba na yaƙi ba ne.
Na fatauci ne:
sayi ƙarfe inda ya yi araha, kai inda ake nema,
'yan fashi a hanya, kuɗin fito a kowace mashiga.
Kakata Zulai ta leƙo ta kafaɗata,
na yi mata bayani, ina jin kaina malami.
Ta yi dariya har ta dafe ƙirji.
Ta ce, "Kai, wannan ai kakanka ne!
Goro daga nan zuwa Salaga, daga Salaga zuwa Kano,
jaki arba'in, ƙafa duk faso.
Shi ma taurarin nan ya bi.
Tambayi injin naka, yana ba da bashi?"

Yanzu ni ke gyaran kwamfuta a Aboabo.
Faifan Kwabena na cikin durowa, duk ƙarzuwa,
ba injin da ke karanta shi.
'Yata Sa'adiyya na yin nata a waya,
cikin torotoro, hanyar Kejetiya.
Nata ba bindiga.
Tana shuka alayyafo ƙarƙashin gilashi a wata jar duniya,
tana auna iska da ruwa kamar mai awon gari,
tare da wata yarinya da ba ta san ƙasarsu ba.
Ta ce, "Baba, don me kuke ƙona duniyoyi?"
Na ce mata haka wasan yake.
Ta dube ni, ta mai da kai ga alayyafonta.

Jiya ma an ɗauke wuta.
Muka fito tsakar gida da tabarma,
sauro na nasa harin.
Taurari suka sauko kan kwanukan Kumasi.
Ita tana neman wanda zai yi ruwa,
ni kuwa, Allah ya shirye ni,
ina duba ta inda zan ɓullo wa Jibrin.