Koren Allo

Ran Talata wuta ta ɗauke a Suame,
ta dawo da fushi kamar mai bin bashi.
Injin sassaƙa ƙarfe na shagonmu ya yi tari sau ɗaya,
ya yi tsit.
Na ji ƙauri kafin in ga hayaƙi.

Ya girme ni da shekara shida.
Daga Jamus ya zo, an riga an ci ƙuruciyarsa a can.
Babana Gariba ya saye shi da kuɗin kujerar Makka,
ya ce baɗi ma shekara ce.
Baɗin ta zo, ba ta tarar da shi ba.

Na kwance noti huɗu, na buɗe ƙirjinsa.
Ga koren allo, faɗinsa ya kai faifai,
hanyoyin tagulla sun sarƙe kamar lungunan Aboabo,
baƙaƙen gidaje ƙanana a jere,
ɗaya ya ƙone ƙurmus, har ya lashi maƙwabta.

Lambar wayar da ke jikin injin
ba ta shiga ko'ina.
Kamfanin ya rufe tun ina wasan ƙasa.
Masta Boakye ya leƙo daga shagonsa ya ce,
kira 'yan gwangwan su auna maka a kilo,
tsohon doki ba ya sukuwa.

Na naɗe allon a rigata, na hau mota zuwa Asawase.
Barikisu ta sa gilashi a ido ɗaya,
ɗakinta na warin dalma.
Ta daɗe tana bin hanyoyin da tsinken awo,
sannan ta ce: wannan sai addu'a,
an daina haihuwar irinsa.
Amma akwai masu ƙera magaji,
in kana da sidi, kuma kana da haƙuri.

Mako bakwai.
Ƙarafan mutane suka yi tsatsa a ƙofa.
Yaran shago suka ƙware a dara.
Damina ta yi ta dukan kwano, ni ina ƙirga bashi.

Da ya iso, bai cika tafin hannuna ba.
Na yi dariya don kada in yi wani abu.
Barikisu ta zura shi a gurbin tsohon,
ya zauna daram, fuskar injin ta haska.
Sai dai bai san kowa ba.
Wankakken allo ne, ko ba'u babu a kai.
Ƙarfen farko da ya yanka
ya kauce da kaurin gashi,
kuma a sana'armu gashi ɗaya gari guda ne.

Ina share giris a bayan murfin
na ga rubutun fensir, layi bisa layi,
lambobi ɗari biyu da 'yan kai.
Hannun Baba ne. Na san yadda bakwai ɗinsa ke sunkuyawa.
A gefen wata lamba ya sa da ajami:
yana ɗingishi ta hagu, ƙara masa uku.

Ina karantawa, tana dannawa,
har aka kira isha'i a masallacin bakanikai.
Baƙon allo ya ɗauki karatu a bakin mamaci
bai yi gardama ba.

Muka ɗaura sabon ƙarfe.
Ɓawo ya riƙa nannaɗowa, shuɗi, da zafinsa,
da wannan gurnanin da ya yi min reno.
Na auna. Saura ƙiris.
Shekaru sun ƙara masa ɗingishi.

Tsohon allon yana rataye a ƙusa, ban sayar ba.
Na feƙe fensir,
ban goge ukun Baba ba,
ƙarƙashinta na rubuta huɗu,
na sa kwanan wata.