Ƙofar Illa

Mu biyar ne in an sallame asuba:
ni, da Nomau mai gyaran rediyo,
da Tankari, da ya shekara talatin yana dako a Abijan
har wuyansa ya manta yadda ake waiwaye,
da mushe Gado, wanda har gobe ƙirga mu yake
kamar ƴan lakkol a bakin aji,
sai Illa.

Majo Tsahara ce ta ɗora mu a hanya.
Ta ɗaure mini dantse da abin awo,
ta dubi allura, ta dube ni:
"Baba, jininka gudu yake, kai kana zaune.
Tashi ka yi tafiya, shi ya samu ya zauna."
Ta rage mini gishiri, ta rage sukarin shayi,
na fito ina mita,
ashe duk ta bi sauran da irin wannan hukunci.

Ta bayan filin kokowa muke bi
mu gangara bakin tafki,
inda masu lambu ke ba albasa ruwan farko.
Tawa na hamma, mu muna gumi.
Yaran kabu-kabu su ce, "Tsoho, hau in kai ka, kyauta!"
Nomau ya ce, "Kai ni ina?
Ƙafata na fito kai wa yawo."

Wata Laraba mushe ya ƙirga, huɗu.
Ya gyara tabarau, ya sake.
Huɗu.

Wata uku ke nan da rasuwar Gwamma.
Ƴaƴan suna can wajen biɗa,
murya a waya, kuɗi ƙarshen wata,
amma waya ba ta buɗe taga.
Muka same shi a tabarma, fuska ga bango,
furar jiya ta yi tsami a ƙwarya,
ƙuda na limanci a kanta.
Ya ce, "Ku tafi. Gwiwa ta ƙi.
Ƙasa nake jira."

Shiru ya yi mana nauyi.
Sai Tankari ya juyo, da dukan jikinsa, kamar kullum:
"Illa, ƙasar da bayanka bai taɓa taɓawa ba
a gaban dubun jama'a da makaɗa,
ita za ka ba baya yau, ba kiɗa, ba karo?"

Bai yi dariya ba.
Amma ya miƙo hannu.

Muka fasa gwangwanin asusu,
dala ashirin-ashirin ɗinmu na Juma'a,
aka sayo maganin shafawa.
Zali ta maƙwabta ta ɗau alkawarin kwaɗon zogale da rana,
ɗanta ya feƙe sandar aduwa,
matasan fada suka cike ramin ƙofar gida
don kada duhu ya yi masa ƙafa.

Ran farko taki arba'in muka yi,
daga zaure zuwa gindin bedi,
mushe ne ya ƙirga, ba mai musu.
Sati na gaba, masallaci.
Mun daina kai wa tafki, gaskiya ne,
albasa ta girma ba da idonmu ba.
To, sai me?
Tafiya da ɗan'uwa ba ta da gajere.

Shekaranjiya ya tsaya a bakin fili.
Wasu yara biyu na kama juna cikin rairayi.
Ya daɗe yana kallo, leɓe na motsi.
Can ya ɗaga sanda: "Kai, ɗan baƙi,
matso da ƙafar hagu! Ƙugu ake nema, ba wuya ba!"
Yaron ya gyara, ɗayan ya sha ƙasa.
Na ga haƙoran Illa, duka ukun.

Yau ladan bai ko gyara murya ba
na ji sanda a ƙyauren gidana.
"Arzika! Barci kake, ko ka tsufa ne?"