Turken Siminti

Ni na karanta wa Dagaci Shekwolo takardun,
don idonsa ya yi hazo tun bara.
Muna ƙarƙashin ɗorawar bakin kasuwa,
can bayan Kuje, inda kwalta ta gaji ta tsaya.

Ta fari ta ce an ɗaga darajarsa:
sanda mai kan azurfa, albashi duk wata,
kujera a sahun gaba ranar taro.
Mata suka rangaɗa guɗa.

Ta biyu ta fi nauyi, ko da yake falle ɗaya ce.
Ta ce ƙasa ta hukuma ce,
tun daga rafi har dutsen da ake binne sarakai,
an yanka ta fuloti-fuloti, kowane da lambarsa.

Ya ce, "Sake karanto min wajen dutsen."
Na sake.
Ya ce, "Lamba nawa suka ba ubana?"
Na bi taswira da yatsa.
Ɗari huɗu da sha bakwai.

Ran Laraba masu awo suka iso
da na'ura mai ƙafa uku,
suka kafa turken siminti
a tsakiyar doyar Gwaggo Awyetu.
Ta sauke itacen da ke kafaɗarta.
Ita da ba ta taɓa ɗora kaya a ka ba,
ranar ta ɗora hannu biyu.

An ƙirga mangwaro, an ƙirga kashu,
kowane icce da kuɗinsa.
Ƙasar da ke riƙe da saiwarsu
ba ta shiga lissafi ba.
Na tambayi mai rajista, ya ce haka doka ta ce,
bai ko ɗago kai ba.

Har yanzu ana kawo ƙara fada.
Jiya ma 'yan'uwa biyu, kan iyakar gona.
Dagaci ya saurare su har la'asar,
ya raba musu daidai, suka yi musafaha,
ba wanda ya ce uffan
kan katafilar da ke kwana a bakin rafi.

Sandar na jingine bayan ƙofa.
Wani sa'in jikarsa kan ɗauka ta kaɗo mangwaro.

Doya dai ba ta iya karatu ba,
ruwan fari na sauka ta tsiro, ta naɗe turken.
Ni kuwa hatimi na aljihuna.
Gobe zan hau acaɓa da koke na tara,
in na tarar da magatakarda bai tafi taro ba.