Idon Iska

Shekara sha biyu ina haɗa tagogi
A bakin hanyar Ɗan Isa, ni da ƙarfe da wuta,
Ban taɓa tambayar taga asalinta ba.

Sai wani baƙo daga Jibiya ya tsaya da mota,
Ya ce, "Windo shida nake so, kafin Talata."
Na gyaɗa kai kamar na gane,
Na karɓi kuɗi, cikina yana ƙugi.

Daren nan na nufi Bagalam,
Ajin Mushe Sahabi na bayan lisha:
Benci uku, fitila ɗaya mai kashe ido,
Da mu manya muna ɓoye gemu a bayan kaye.

Ya yi dariya har alli ya faɗi.
Ya rubuta window, ya ce, "Taga ce, Lawali,
Abin da hannunka ya fi bakina sani.
Amma tsaga kalmar kamar gyaɗa, ƙwaya biyu ce.
Ta farko iska.
Ta biyun ido ce, tafiya ta cinye ta,
Kamar dugadugin takalmin fatake.
Mutanen ƙasar sanyi, masu jiragen ruwa,
Su suka huda rufin ɗaki don hayaƙi ya fita,
Suka kira hudar idon iska.
Turanci ya ara, bai mayar ba."

Ya ce ana buɗe ta, ana rufe ta,
Ana tsayawa gabanta a banki da takarda,
Tana cikin kwamfuta ma, ba ƙarfe, ba katako.
Har ɗan lokacin da dama ke leƙowa,
Kamar kwana ukun shuka bayan ruwan fari,
Shi ma taga suke ce masa.
In ka yi barci, ta rufe.

Na dawo a ƙasa, ina duban gidaje.
Duk garin Maradi ya zuba mini ido,
Da yawansu ni na ƙera.
Na tuna ɗakin Inna a Tibiri,
Da 'yar hudar da take toshewa da tsumma,
Ganinta ya tafi, amma takan ce,
"Cire mini, in ga wane ne a waje."
Ashe iska ke gaya mata.

Ran Talata baƙo ya zo.
Ya ce sandunan sun yi lanƙwasa, fentin ya yi baƙi.
Na ce, "Alhaji, gashin ido ne,
Baƙin kuma kwalli."
Bai gane ba. Ya biya, ya ɗaure, ya tafi.