Daren da Shafaƙi Ya Ƙi Faɗuwa

Tsakar bazara a bakin kogin Kama,
jan shafaƙi ya kafe a gefen sama,
alfijir na tafe, Isha na jiran izini,
ni ko ban hure fitila ba.

Ni ne Miftahuddin, ahun na ƙauyuka bakwai.
Rawanina gadon kaka ne,
amma takardar da ta ce in hau mumbari
daga Ufa ta zo, da hatimin mikiya mai kai biyu.
Na danne ta a ƙasan akwati, ƙarƙashin jabba,
nauyinta bai sauka daga wuyana ba.

Jiya Mahbubjamal ta tsaya bayan labule.
Takalmanta na ɓawon itace kawai na gani, jiƙe da raɓa.
Ta ce, "Ahun, shekara goma sha ɗaya ke nan
da ƙuri'ar soja ta faɗa kan Timerbulat.
Aka aske masa goshi, aka ɗora shi keken doki.
Wasiƙa ɗaya daga duwatsun kudu, sai shiru.
Rufin ɗaki na yoyo, garma ta fi ƙarfina.
Matar aure ce ni, ko mai takaba?
Ban ga miji ba, ban ga gawa ba."

Na buɗe littattafan da na ɗauko daga Buhara,
wata biyu a bayan raƙumi.
Malamanmu sun ce ta jira
har sa'o'insa su ƙare a bayan ƙasa;
wasu ma sun ƙirga casa'in.
Masu wannan magana suna da sarki mai salla,
mai tura manzo ya nemo ɓatacce.
Nawa sarkin shi ya ɗauke mutumin,
kuma ko sunansa bai sani ba.

Can gefen wani shafi, da siririn rubutu,
wani bawan Allah ya ajiye zancen mutanen Madina:
shekara huɗu, sai idda, sai ta kama gabanta.
In larura ta matsa, a sha daga rijiyar maƙwabci.
Sai dai alƙali ne zai yanke.

To, wane alƙalin?
Mulla Sabirjan na ƙetaren kogi ya ce babu shi:
ƙasar da ƙararrawa ta fi ladani murya
ba ta haifar alƙali, Juma'a ma ba ta tsayuwa,
mu ɗaure kaya mu bi hanyar Istanbul.
Shekara ashirin yana faɗin haka,
bai sayar da ko amya ɗaya ta zumarsa ba.

Ni na ce Annabi Yusufu ya riƙe rumbunan Masar
da izinin sarkin da ba addininsu ɗaya ba.
Wanda jama'a suka yarda da shi, hukuncinsa ya zauna,
ko tawadar wa ke jikin takardarsa.
Da ƙarfi na faɗa a gaban ɗalibai.
Da na kaɗaita, ban ji ƙarfin a ƙirjina ba.

In Timerbulat ya dawo fa?
Da ƙafa ɗaya, da lambar tagulla a ƙirji,
ya tarar hayaƙin gidansa na tashi don wani?
Ranar da za a tara mu,
mikiya ba za ta buɗe mini fiffike ba.

Na fere alƙalami, na rubuta:
huɗu, daga ranar da ta kawo kuka.
Na zaci za ta fashe da wani kukan.
Ta ce, "Huɗu ai yatsun hannu ɗaya sun ishe su.
Casa'in ce ba ta da baki."
Takalman suka juya, suka bar sawu a dandamali.

Gobe magatakarda zai juya shi da Rashanci,
a ɗinke a kundin gwamna tare da harajin gishiri.
Yanzu na ciro agogon aljihu, ƙirar Mosko,
na ƙaddara wa Isha lokacinta,
na kabbarta cikin haske.
Allah ne masani.
Har na sallame, sama ba ta yi duhu ba.