Metal na Uku

A garejinmu na bayan Ƙofar Ƙaura,
gindin darbejiyar da ta sha baƙin mai har ta saba,
muka kifa injin bas ɗin Sada kan tsohuwar taya,
ciki sama, kamar ragon da za a feɗe.

Ya ce kwana tara ke nan tana ƙwanƙwasa.
Ba da ƙarfi ba.
Da asuba, in ya tayar da ita da sanyi,
kamar baƙo mai jin nauyin masu gida.
Jar fitilar mai kuma tana ƙifta masa ido
tun daga Jibiya har Ƙofar Guga.

Mati ya kwance kaskon mai.
Na tsoma yatsa a laka, na murza, na ɗaga wa rana:
ƙyal-ƙyal, kamar an daka kwabo an barbaɗa.
Ban ce komai ba.

Murafu biyar, kowane da lambarsa.
Muka jera su kan takardar siminti,
don ƙarfe ba ya yarda da gurbin ɗan'uwansa.
Metal na farko toka-toka, sumul.
Na biyu haka.
Na huɗu da na biyar sun tsufa da mutuncinsu.
Na ukun ne ya tuɓe riga,
jan gacinsa a fili,
da zane-zane kamar an ja ƙaya kan rairayi.

Mu biyu muka ciccibo karanshaf.
Na wanke shi da fetur, na rataye,
na ɗan buga masa sifana a kafaɗa.
Ya amsa da dogon amo, har mai shayi ya waiwayo.
Alhamdu lillahi, bai tsage ba.

Idona ya fara yi mini rowa bana,
amma farce bai taɓa cin amanata ba.
Na bi wuyan farko, ya zame.
Na bi na uku, ya tsaya.
Ya sake tsayawa.
Ma'auni ya zo ya ba farce gaskiya:
ta nan daidai, ta can ya rage,
abin da aka haifa kewayayye ya koma ƙwai.

Sai na zura waya a ramin da mai ke bi.
Ta shiga rabi ta cije.
Na jawo ta a hankali,
ga ɗan jan danƙo a bakinta, bai kai ƙwayar dawa ba.

Na san danƙon nan.
Bara ne, cikin azumi, ana gab da shan ruwa,
na matsa shi kan gaskit fiye da kima,
hankalina na kan kunun tsamiya.

Sada na tsugune a inuwa,
yana lissafin balas ɗin da mai mota zai tambaya.
Ya ɗago ya ce, "Oga Rabe, ni ne ko?
Wallahi na ƙara mako uku ban canza mai ba."

Ga ƙofa ya buɗe mini da hannunsa.
In na ce i, zai ma gode.

Mati ya ga wayar.
Shi ya miƙo mini danƙon bara.
Ya sunkuya yana goge sifanar da ba ta da datti,
kunnuwansa a tsaye.

Yawu ya yi mini ɗaci.
Na ce, "Mako ukunka laifi ne, ka daina.
Amma wannan nawa ne."

Gobe za a kai shi wurin yanka, a rage masa goma,
a nemo metal daidai sabon wuyansa.
Kuɗin daga aljihuna,
na rufin ɗakin da na ce zan yi kafin damina.

Metal na ukun ban jefar ba.
Yana nan kan ƙusa, kusa da buta,
jan gefen yana kallon inda nake zama.